Wa Ya Haramta wa Talaka Rabin Fuloti? Kira ga Gaya da Ajingi Tun Jirgi Bai Iso Ba

Duk wanda ya zauna ajin tarihi a ƙasar Kano ya ji labarin Abagayawa, watau maƙeran nan da tarihin baka ya ce sun taso daga Gaya suna neman tama, har suka yada zango a gindin Dutsen Dala, suka kafa maƙerarsu da bukkokinsu wuri guda. To, in da a yau suka zo, da jan fenti za a tarye su. Laifinsu na farko sun yi gini ba izini. Na biyu filinsu ba ya cikin shatar Gwamnati. Na uku sun haɗa wurin sana'a da wurin kwana. Jikokinsu kuwa, samarin Gaya da Kademi da Toranke da Balare waɗanda ke shiga birnin nan kowace rani neman abin kai wa baka, ko wannan laifin ma ba su da halin aikatawa. Su huɗu su biyar suke cunkushe a shago guda a Mariri ko Hotoro, wanda bai samu shagon ba kuma ya shimfiɗa kwali a tashar Unguwa Uku.

Mu ɗalibai ba baƙin wannan masifa ba ne. Mun san abin da ake biya a kan ɗaki guda a Danbare da Rimin Gata da Kabuga, 'yan'uwanmu na Jami'ar Wudil kuma sun san nasu. Kullum aka yi kuka sai a ce mana ai siminti ne ya yi tsada, ai mutane ne suka yi yawa. Haƙiƙa siminti ya yi tsada: a 2024 buhu ya taɓa Naira 10,000, alhali mafi ƙarancin albashin da Jihar Kano ta yanka a ƙarshen shekarar Naira 71,000 ne, watau gumin wata guda buhu bakwai. Amma wannan rabin magana ne, kuma rabin da aka ɓoye ya fi muni. Tsadar muhalli ba fari ba ce da za a ce daga sama ta sauko. Mutane ne suka zauna a ofis suka rubuta girman filin da ya halatta a gina, da abin da ya halatta a gina a kansa, da ƙofofin da za a bi kafin a aza tubali, suka rubuta su kuma ta yadda mai ƙaramin ƙarfi ba zai taɓa cika su ba. Abin da hannu ya rubuta kuwa, hannu yana iya gogewa.

Sai mu koma asali. Dokar garuruwa ta 1917, wadda Gwamna Lugga ya kafa, ita ta raba garuruwan Nijeriya aji-aji, tsarin da ya biyo ta kuma ya raba kowane gari gida-gida: ga unguwar Turawa, ga ta baƙi 'yan Kudu, ga ta 'yan ƙasa. A Kano wannan shi ya keɓe Nassarawa da Bompai gefe guda, Sabon Gari gefe guda, birni da Fagge gefe guda. An shata cewa tsakanin gidan Bature da bukkar baƙar fata a bar fili mai faɗin yadi 440 ba gini, wai don kada sauron da ya ciji ɗan ƙasa ya ƙarasa ya ciji Razdan. Farfajiyar gidan Bature guda kuwa an ƙaddara mata zurfin yadi 100 da faɗin yadi 70 zuwa 100. Jama'a, a yi lissafi: a cikin wannan fili na mutum ɗaya da kukunsa da boyinsa da dokinsa, ana iya fitar da ƙananan filaye 50 masu ƙafa 25 sau 50, irin waɗanda iyalai ke zaune a kansu yau a bayan gari. Tun daga ranar nan aka dasa wa ma'aikatan tsara gari wata aƙida a ƙwaƙwalwa, cewa gari mai kyau shi ne mai ƙaton fili da mutane kaɗan, inda ba a jin ƙarar injin markaɗe, ba a ganin mai shayi. Cunkoso kuwa da sana'ar ƙofar gida ƙazanta ce ta talakawa.

Bature ya naɗe tutarsa a 1960 ya tafi, amma ya bar ma'auninsa a aljihun tebur, waɗanda suka gaji kujerarsa da gidansa kuma suka gaji ma'aunin. An yi wa Kano babban tsari na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, wanda Baturen nan Trevallion ya rubuta, a lokacin da mutanen birnin ba su cika 300,000 ba. Ƙidayar 2006 ta sami fiye da mutum miliyan 2.8 a Ƙananan Hukumomi takwas na birni da kewaye. A tsakanin nan hukumar tsara birni ta sauya suna sau da yawa, daga hukumar raya birane ta zamanin soja zuwa KASEPPA, daga KASEPPA zuwa KNUPDA, kamar maciji mai saɓa. Fata sabuwa, dafi na da. Ina miliyoyin nan suka zauna? Ba a cikin shatar Gwamnati ba. Sun zauna a Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa da Ɗorayi da Sheka da Rimin Kebe, unguwannin da akasarinsu igiyar dillali ce ta auna su, ba safiyo ba.

Sa'an nan ga Dokar Amfani da Ƙasa ta 29 ga Maris 1978, wadda gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa, aka kuma cusa ta cikin Tsarin Mulki don kada a taɓa ta cikin sauƙi. An yi mata kirari a lokacin cewa ita za ta karya 'yan jari-hujja masu tara filaye. Abin da ta yi shi ne ta tattara ƙasar jiha kakaf ta danƙa a hannun mutum ɗaya, watau Gwamna. Duk yankin da ya ayyana a matsayin birni, ikon ƙasarsa ya fita daga hannun Ƙaramar Hukuma ya koma Gidan Gwamnati. Mai takardar mallaka ba ya sayarwa, ba ya jinginarwa, sai da yardar Gwamna. In aka karɓe gonar manomi don amfanin jama'a, diyyar da doka ta yanka masa ta amfanin gona ce da itatuwa da gini. Ita ƙasar kanta, wadda ya gada kaka da kakanni, ba ta da farashi a idon doka. Ran da aka yanka ta fuloti-fuloti aka raba wa masu uwa a gindin murhu, ran nan take yin farashi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yanzu mu zo kan fulotin kansa, domin a nan gizo yake saƙa. Fulotin da aka saba yankawa a shatar Gwamnati, wanda ake kira na masu ƙaramin ƙarfi, ƙafa 50 sau 100 ne, ko 50 sau 75. A hekta guda, bayan an fitar da kashi 30 cikin 100 don tituna da magudanai, filaye 15 ake samu masu ƙafa 50 sau 100. In da an yarda da ƙafa 30 sau 60, da an sami fiye da 40. In 25 sau 50 ne, 60. Ƙasa ɗaya, titi ɗaya, bututun ruwa ɗaya, wayar lantarki ɗaya, amma ƙa'ida ta ce iyali 15 kaɗai za su amfana, sauran 45 su san inda dare ya yi musu. Wanda ya sami babban fulotin kuma, in ya so ya raba shi biyu ya sayar wa ƙaninsa rabi, sai ya nemi izini; in ya so ya fitar da shaguna, sai ya nemi izinin sauya manufar fili; in zai yi gini, sai zanen ƙwararre da hatimi da kuɗin dubawa da zirga-zirga. Attajiri yana da yaron da zai yi masa wannan sintiri. Malamin firamare a Gurduba ba shi da shi.

Don haka talaka ya koma ga awon igiya. Manomi ya kira dillali, dillali ya zo da igiya da turaku, mai unguwa ya sa hannu a takarda, an gama. Gwamnatoci sun sha shelar haramta wannan ciniki, ciniki kuwa bai fasa ba, domin ba a haramta wa mai jin ƙishirwa ruwan kududdufi alhali an kulle famfo. Kada a ɗauka muna wanke dillalai. Mun san aikinsu sarai: lungun da gawa ba ta fita sai an karkata makara, balle motar kashe gobara ta shiga, unguwa mai gida dubu ba filin makaranta, ba maƙabarta, hanyar ruwa da burtali an yanka an sayar, fili guda an sayar wa mutum uku. Amma a lura da kyau, ba ƙanƙantar filin ce ta jawo wannan ɓarna ba. Abin da ya jawo ta shi ne, da doka ta ce ƙaramin fili haramun ne, sai hukuma ta juya baya, ba ta zo ta shata titi ba, ba ta keɓe makaranta ba, ta bar dillali shi ne safiyo shi ne alƙali. Ta ƙi halartar suna, sai ta zo da katafila bayan yaro ya yi gemu.

Katafilar ma mun ga iyakarta. Rusau ɗin da aka fara a watan Yuni 2023, daga Otal ɗin Daula zuwa shagunan Filin Idi, ko me mutum zai ce game da yadda aka raba filayen tun farko, bai ƙara wa Kano ɗakin kwana ko guda ba. A watan Satumba na shekarar kuma Babbar Kotun Tarayya ta yanke diyyar Naira biliyan 30 ga masu shagunan Filin Idi. Wata gwamnati ta yanka, wata ta rushe, talaka ya biya sau biyu. Ɗaya maganin da ake yi mana talla, watau Gwamnati ta gina gidaje da kanta, shi ma an gwada. Gidajen Shagari na farkon shekarun 1980 an yi alkawarin 2,000 a kowace jiha duk shekara, ba a ko kusanci adadin ba. Biranen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da aka gina tsakanin 2011 da 2015 gidaje ne masu kyan gani, ba mu musa ba, amma da yawansu sun shekara da shekaru a rufe, ƙadangaru na shan rana a barandarsu, domin wanda ke buƙatar gida ba shi da kuɗinsu, mai kuɗinsu kuma ba ya buƙatar gida. Gaskiyar da ba a son faɗi ita ce, talakan Kano shi ya gina Kano, ɗaki bayan ɗaki, bana tubali baɗi kwano. Ba ya roƙon a gina masa. Yana neman a daina mai da shi mai laifi.

Me ya haɗa wannan da Gaya da Ajingi, inda wani zai ce ai fili ne har ya yi yawa? Abin da aka faɗa ke nan game da Mariri da 'Yargaya shekarun baya. Ƙidayar 2006 ta ba Gaya mutum fiye da 200,000, Ajingi fiye da 170,000, yaran da aka haifa a shekarar kuma yau su ne masu neman ɗakin aure. Gaya tana kan babbar hanyar da ta tashi daga Kano ta bi Wudil ta nufi Dutse, tafiyar kimanin kilomita 65 daga birni. Daɗin daɗawa, layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a watan Fabrairu 2021 yana da reshe zuwa Dutse, wanda zai ratsa ƙasar Gaya. Duk inda aka ce tasha, ungulu ta riga kowa ji. Masu kuɗin birni ba sa jiran jirgi ya yi kuka kafin su sayi gonakin gefen hanya. Suna saye da arha daga hannun manomin da bashin taki ya ci wa wuya, su kewaye da katanga, su koma birni su yi barci, ƙasa tana yi musu kiwo. In aka bar al'amarin yadda yake, hanya biyu ce: ko a yi shatar manyan filaye a raba wa manya, ko igiya ta cinye gari. Galibi ma duka biyun ake yi, manya a bakin titi, talakawa a cikin kwari.

Zancen kwari kuwa ba zancen wasa ba ne a Ajingi. A damunar 2022 hukumar agajin gaggawa ta jiha ta ba da sanarwar cewa ambaliya ta rushe gidaje kusan 500 a wannan Ƙaramar Hukuma, ta kuma yi ajalin mutum 3. Ga inda ake buƙatar doka mai haƙori: a shata hanyar ruwa, a hana gini a kanta, a ba mutane tudu. Amma tun 2019 da aka ɗaukaka Gaya zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya, aka rushe a watan Mayu 2024, aka maido ta mai daraja ta biyu a watan Yuli tare da Ajingi da Albasu, manyanmu sun ƙarar da yawunsu a kan girman sanda da faɗin rawani. Da rubu'in wannan kuzari aka kashe a kan taswirar magudanar ruwa, da an wuce wurin.

Abin da muke nema ba mai wuyar fahimta ba ne. A juya dokar, kanta ya koma ƙasa. Yau hukuma tana tsananta wa abin da ke cikin katangar mutum, tana sakaci da abin da ke wajenta. Mu kuwa muna so ta tsananta a waje ta sassauta a ciki. Tun gonaki suna gonaki, a fita da safiyo a kewayen Gaya da Ajingi da Kademi da Toranke, a kafa turakun siminti a kan tituna masu faɗi, da magudanai, da filin makaranta da asibiti da kasuwa da maƙabarta da burtali, a kafe taswirar a sakatariya da ƙofar dagaci inda kowa zai gani, a ce wannan ba ya sayuwa ko ga wane ne. Turaku ba su da tsada; kwalta tana iya jira, amma in an gine hanya ba ta dawowa sai da kuka. Abin da ya rage tsakanin titunan nan kuwa a bar masu gona su yanka, a halatta fili har zuwa ƙafa 25 sau 50, a ba shi takarda cikakkiya wadda kotu da banki za su karɓa. Manomi ya ba da kason titi da makaranta, ya riƙe sauran. Kada a sallame shi da kuɗin dawa da bishiyar ɗorawa.

A cikin fili kuma a sakar wa mutum mara. Mai son fitar da shago a zaurensa ya fitar, tela da mai gyaran waya da mai injin markaɗe su yi sana'arsu inda suke kwana, kamar yadda Soron Ɗinki da sauran unguwannin cikin birni suka rayu ɗaruruwan shekaru. Abin da za a nisantar shi ne mai hayaƙi da guba da wuta, kamar majema da gidan mai da wurin sayar da gas. Mai son hawa bene ɗaya ko biyu ya hau, muddin injiniya ya duba harsashi da ƙarfe, domin mun ga benayen da suka rufta da mutane, ba kuma za mu sayi arha da rai ba. Mai son gina ɗakunan haya a bayan gidansa ya gina, da sharaɗin masai da tagogi da mafitar ruwa. Hukuma ta buga zanen gidaje biyar ko shida na ƙananan filaye ta raba kyauta, duk wanda ya bi ɗaya daga ciki izininsa ya tabbata a ofishin Ƙaramar Hukuma cikin kwana 30, in ba a ba shi amsa ba a ɗauka an yarda. Wanda kuma ya kewaye fili a cikin gari ya bar shi shekara biyar ciyawa na tsiro, a aza masa haraji mai ciwo har ya gina ko ya sayar.

Mun san abin da za a ce. Ƙwararru za su ce muna kiran cunkoso da annoba. Amsarmu ita ce cunkoson yana nan tuni, ƙa'idarku ce ta haife shi. Bambancin kawai shi ne namu yana da titi da kwata. Wasu 'yan'uwanmu na gwagwarmaya kuma za su ce sassauta doka buɗe wa 'yan jari-hujja ƙofa ne. Muna tambayarsu: wa ke cin ribar ƙarancin gidaje in ba mai gidan haya ba? Wa tsadar izini ke korewa, mai gina rukunin gidaje ko mai gina ciki da falo? Babban ɗan jari-hujja ba ya tsoron doka mai tsauri, ƙaunarta yake yi, domin ita ke kashe masa ƙananan abokan takara.

Ba mu ne farkon masu wannan tunani ba, har a ƙasashen da aka aro ma'aunin daga irinsu. Birnin Hiyuston na Amurka a da yana da ƙa'idar cewa fili kada ya gaza murabba'in ƙafa 5,000, watau daidai da 50 sau 100 ɗin nan tamu. A 1998 suka sauke ta zuwa 1,400 a tsakiyar birni, a 2013 suka faɗaɗa sassaucin zuwa sauran sassa, aka gina dubun-dubatar gidaje a kan ƙananan filaye. Birnin Okland na ƙasar Niyu Zilan a 2016 ya halatta ƙarin gidaje da hawa a kan kusan kashi uku cikin huɗu na filayen zamansa, cikin 'yan shekaru izinin gini da ake bayarwa ya ninka. Ruwanda, wadda ba ta fi mu arziki ba, ta yi wa filaye fiye da miliyan 10 rajista tsakanin 2009 da 2013, da hotunan sama da matasan ƙauye da aka koya wa aikin. Ashe abin da ake ce mana ci gaba ne, masu shi sun fara jefar da shi, mu muna nan muna goge masa ƙura.

Kada kuma wani ɗan majalisa ya ce mana sai an gyara Tsarin Mulki. Dokar 1978 tana da wuyar taɓawa, gaskiya ne, amma girman fuloti da sharuɗɗan gini ba a cikinta suke ba. Tun 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar Jihar Legas da Gwamnatin Tarayya, ta yanke cewa tsara birane hurumin jiha ne. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa Ƙananan Hukumomi tituna da magudanai da maƙabartu da kasuwanni da sanya wa gidaje lamba, a ranar 11 ga Yuli 2024 kuma Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Ikon yana Majalisar Dokokin Jihar Kano, yana teburin Gwamna, yana sakatariyar Gaya da ta Ajingi.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyoyin ɗaliban Gaya da Ajingi da ke wannan jami'a da sauran makarantu, musamman masu karatun safiyo da tsara birane da zanen gini da lauya, da su yi amfani da hutun da ke tafe. A ɗauki taswira a zaga gari da ƙafa, a zauna da dagatai da masu unguwanni da tsofaffin da suka san inda ruwa ke bi da inda burtali ya ratsa, a rubuta farashin gona a gefen hanya bana da na shekara uku da suka wuce, a rubuta ko su wane ne ke saye. Sa'an nan a kai wa 'yan majalisar jiha masu wakiltar Gaya da Ajingi daftarin ƙuduri a rubuce, da Hausa, a gaban jama'a, a nemi su faɗi ranar da za su gabatar da shi a zauren Majalisa.